Waldar Oreste ta Ƙarshe

Sai da safiyar ranar suka gaya masa. Ka ji rashin mutunci! Wata uku ana maganar nan, kowa a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ya san Oreste Bressan ne zai yi waldar sule. Amma sai da mutum ya aske gemu, ya saka kayan aikin da matarsa ta kwana biyu tana gogewa, sannan Injiniya Cossutta, shugaban sashen, ya ja shi gefe yana murmushi kamar zai yi masa albishir.

Al'adar ba ta da wani tsawo. Ranar da aka ajiye ƙarfen farko na sabon jirgi, wanda suke kira ƙashin baya, ana saka sule biyu na azurfa cikin ɗan akwatin ƙarfe a liƙe shi a jikinsa, don jirgi ya je lafiya ya dawo lafiya. Wanda ya fi kowa daɗewa a walda shi ke liƙewa. Ba a rubuce take ba, amma tun zamanin kakanni ba a taɓa tsallake kowa ba. Shekara arba'in da ɗaya Oreste yana jiran layi ya zo kansa. Ya ga magabatansa Tullio da Ermes sun yi, ya kuma raka su biyun makabarta bayan ƙurar ma'aikata ta cinye musu huhu. Saura wata biyu ya yi ritaya, jirgi na gaba kuwa sai bayan shekara biyu.

"Baba Oreste, an ɗan sami canji," in ji Cossutta. "Matar mai jirgin ce za ta liƙe sulen. Masu ɗaukar hoto sun zo daga ƙasa shida."

"Ta iya walda?"

"Haba, ɗan taɓawa ne kawai. Kai sai ka tsaya a bayanta."

"In riƙe mata jaka?"

"Baba, don Allah..."

"Yallaɓai, ranar da na fara kama tsinken walda a gidan nan kana tsotson yatsa. Ubanka ma a hannuna ya koyi yankan ƙarfe, Allah Ya ji ƙansa, shi yana da kunya."

"Ba ni ba ne. Daga sama aka ce."

"Komai daga sama, sai ka ce ruwan damina!"

Cossutta ya duba agogo, ya dafa masa kafaɗa, ya wuce abinsa.

Oreste ya nufi wurin shan kofi. A can ya tarar da Gelindo, abokinsa tun suna 'yan koyo, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko a gaban fada. Labari ya riga shi isa.

"Ga angon da aka ƙwace wa amarya!" in ji Gelindo. "Kai tsoho, wannan askin duk na banza ne?"

"Gelindo, ka kiyaye ni yau."

"Ni me na yi? Jirgi mai hawa goma sha takwas, da wurin iyo biyar a samansa. Mutum yana tsakiyar teku yana neman wurin iyo! Mu da za mu ƙera shi ko bayan gidansa ba za a bari mu leƙa ba. Abu ɗaya ne namu a jikinsa, shi ma sun sa ido."

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji Oreste. Ya kurɓi kofin, ya ƙona masa baki, ya tofar.

"Sha a hankali. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba."

"Me kake nufi?"

"Ni? Ba komai. Wa ya san halin na'ura?"

Ƙarfe goma sha ɗaya aka fara. An kafa rumfa, an jera kujeru masu farin ƙyalle, 'yan badujala na busa. Ma'aikata kuwa, sama da ɗari biyar, an ja musu igiya can baya kamar masu kallon gobara. Ƙarfen farko na zaune a ramin gini, na biyu na rataye a ƙugiya samansa, don ana gama sule za a sauke shi a kai baƙi su ga an fara aiki. Fada, limamin coci, ya yayyafa ruwan albarka. Mai jirgin ya yi jawabi da harshensu, tafinta ya ce wai ma'aikata su ne zuciyar wannan jirgi. Oreste na tsaye inda aka ajiye shi, ya harɗe hannu, yana jin kamar ya shaƙe tafintan.

Aka taso da matar. Farar hular kwano, sabon safar hannu, takalmi mai tsini. A gaskiya ba ta da laifi a fuska, har ta yi wa Oreste sannu da kai. Shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Aka miƙa mata tsinken walda, aka rufe mata fuska, ta dangwala a jikin akwatin.

Shiru.

Ta sake dangwalawa. Ta karta kamar mai ƙyasta ashana. Ko ƙyalli. 'Yan badujala suka yi ta maimaita baiti ɗaya har suka gaji suka bari. Daga bayan igiya wani ya yi tari, irin tarin da ba na mura ba.

Kallo ɗaya Oreste ya yi ya gane. Waya ta biyu, wadda ake maƙala wa jikin ƙarfe, wadda in babu ita ko shekara za a yi wuta ba za ta kama ba, tana kwance a ƙasa bayan na'urar. Injiniya huɗu a wurin, da digiri kamar su kashe mutum, babu wanda ya duba ƙasa. Ya ɗaga ido ya hango Gelindo a bakin igiya yana kallon sararin samaniya kamar waliyyi.

Fuskar mai jirgin ta canja. Su mutanen teku ba sa wasa da irin wannan, sule ya ƙi liƙuwa ranar farko ba ƙaramar mummunar alama ba ce. Cossutta ya matso, gumi na bin wuyansa.

"Baba, taimaka."

"A bayanta aka ce in tsaya. Ga ni a tsaye."

"Baba Oreste, ka rufa min asiri. Karɓi ka yi."

"Daga sama aka ce?"

"Don girman Allah!"

Matar da kanta ta juyo ta miƙa masa tsinken da hannu biyu, kamar wadda aka sauke wa kaya. Ya karɓa. Ya zagaya kamar mai duba na'ura, ya maƙala wayar, ya durƙusa gaban akwatin, ya sauke gilashin kare fuska. Wuta ta kama tau! Bayan igiya aka ɗauki ihu.

To, a nan ne abin ya faru. Hannunsa ya ƙi tsayawa. Fushin da ya haɗiye tun safe duk ya gangaro ya taru a wuyan hannun, yana karkarwa. Ya cije baki, ya riƙe numfashi, ya zagi Cossutta da mai jirgi da tafinta a zuci, abin sai ƙaruwa yake. Tsinken na tsalle, ƙarfe na tartsatsi. Ya dai kai ƙarshe don dole.

Da ya ɗaga gilashi ya karkaɗe ɓawon waldar, sai ya ga abin da ya yi. Gudaji-gudaji, nan tudu nan rami, irin wanda suke kira kashin kaji. Da ɗan koyo ne ya kawo masa wannan, da ya kore shi ya je ya sayar da kifi.

Rumfa ta kaure da tafi. Mai jirgin ya rungume shi. Matar ta leƙa ta ce wani abu, tafinta ya ce wai ba ta taɓa ganin aiki mai kyau haka ba.

"A ba ni giranda, injin goge ƙarfe," in ji Oreste. "Minti biyar. In goge in sake."

"Sake me? Ya yi kyau!" in ji Cossutta, yana ɗaga wa mai ƙugiya hannu.

"Yallaɓai, ka duba mana! Kai ba injiniya ba ne? Ka duba!"

"Matsa, Baba, ƙarfe na saukowa. Abinci na hucewa."

Masu gadi biyu suka kama shi a hankali suka ja shi baya. An saki igiyar da ta tare ma'aikata, sun matso, na gaba-gaba sun riga sun gani. Su ba su tafa ba. Gelindo ya leƙa, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya rufe, ya cire hularsa ya riƙe.

Ƙarfe na biyu ya sauko a hankali, tan ɗari huɗu, ya zauna a kan akwatin. Oreste na nan tsaye da tsinken a hannu, yana cewa minti biyar kawai yake so.