Gona a Kan Farcen Ruma'isa

Tun da Ruma'isa ta yi haƙoran gaba, farcenta bai ƙara samun hutu ba. Ba ɗan gutsira take yi irin na yaro mai jin kunyar baƙi ba, ci take yi na sosai, har sai ta kai nama. Tana wasa tana ci, tana kallon kaji tana ci, ko faɗa ake mata a kan cin farcen, yatsa na baki take saurare.

Uwarta Sa'ida ta yi duk abin da matan Waca suka sani. Ta shafa mata ruwan ganyen dogon yaro, yarinya ta lashe, ta yamutsa fuska, ta ci gaba. Ta ɗaure mata hannu da tsumma, ta kwance da haƙori. Wata maƙwabciya ta ce a shafa barkono, Sa'ida ta ce Allah ya sawwaƙe, yarinyar da ke murza ido da hannu? Da sanyin bara abin ya wuce wasa. Babban yatsan dama ya kumbura, ya yi ruwa, har sai da aka kai ta gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya tsaga yatsan ya matse, Ruma'isa na ihu, Sa'ida na riƙe da ita tana hawaye ita ma. Da za su fita ya ce mata, "In ba ta bari ba, zai dawo. In ya dawo kuma, ba lalle farcen ya tsira ba."

Wannan maganar ce ta zauna wa Sa'ida a rai. Ga shi yanzu gefen yatsan ya fara ja kuma.

Surukarta Ƙande, wadda suke gida ɗaya, ba ta ɗauki abin da zafi ba. Tsakaninta da jikar tata wasa ne kullum.

"Ki ƙyale akuyar nan," in ji ta, tana tsince wake a faifai. "Ubanta ma har gefen tabarma ya ci, ga shi nan da ƙafafunsa. Ke kuma 'yar nan, 'yar fari ce fa. Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane, ke kin zauna kina ƙirga mata yatsu."

"Inna, yatsan ne ya fara ja."

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni."

"Kaka ce akuya," in ji Ruma'isa daga bayan turmi, yatsa a baki. "Tsohuwar akuya marar haƙori."

"Zo nan ki faɗa, in nuna miki sauran haƙoran."

Dabarar ta zo ne daga Damagaram. Balkisu, ƙanwar Sa'ida da ke karatu can, ta turo mata wani bidiyo a waya: hannun wata mata, ana zana ganye a kan kowane farce da jan farce kore. A ɗiga ɗigo, a ja shi da tsinke, sai ga ganye. Ruma'isa ta leƙo ta kafaɗar uwarta, ta ce a maimaita. Aka maimaita. Ta ce a sake. Sai can Sa'ida ta lura da wani abu: tun da aka fara kallon, hannayen yarinyar biyu suna kan cinyarta, babu wanda ya je baki.

"Mama, a yi mini."

"In an yi miki, za ki ci?"

"Wa zai ci abu mai kyau haka?"

Jan farce kam Sa'ida ta kore shi tun kafin ta gama tunani. Abin da ke wari kamar man babur, a sa a hannun yarinyar da komai nata sai ya bi ta baki? Ita kanta ba ta sawa, don ruwan alwala ba ya ratsa shi. Amma ga lalle a bayan ɗaki, itacen da Ƙande ta dasa tun zuwanta gidan. Ko yarinya ta lasa, ganye ne.

Matsalar ita ce Sa'ida ba ta iya zane ba. Ƙunshin da ta sani shi ne na dunƙule hannu a naɗe da leda. Ta daka lalle, ta tankaɗe shi da ɗankwali mai shara-shara har ya yi laushi, ta kwaɓa da ruwan lemun tsami, ta gwada da tsinken tsintsiya a bayan ƙwarya. Abin da ya fito ya fi kama da kaska. Ta gwada a nata farcen na hagu, ya fito kamar ƙwan ƙadangare. Da mijinta Nassirou ya dawo daga gyaran gona ya miƙe ƙafa a inuwa, ta dubi babban farcen ƙafarsa, faffaɗa kamar cokali.

"Malam, ara mini wannan."

"Me za ki yi da shi?"

"Koyo."

Ya ba ta, don a zatonsa abin da za a wanke ne. Ta zana masa da lalle. Da ya bushe aka kankare, sai ga wani jan abu mai ƙafafu. Ya goga da sabulu, ya goga da toka, yana nan daram.

"Sa'ida, wannan kunama ce ko me? Da silifa fa nake zuwa masallaci!"

"Ganye ne. Kuma lallen farce ba ya fita, sai dai farcen ya tsiro ya tura shi."

"Sai yanzu kike faɗa mini?"

Ƙande ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ganin hannunta ya ƙi, Sa'ida ta nemi hanya mai sauƙi. Me zai sa ta wahalar zana ganye, ga ganye Allah ya riga ya yi? Ta je gindin zogalen tsakar gida ta tsinko 'yan ƙananan ganyen toho, ta manna ɗaya a kan kowane farcen Ruma'isa da ɗan jiƙaƙƙen ƙaro, ta shafe saman da lalle. Yarinya ta zauna da hannu a shanye kamar mai jiran a zuba mata goro. Da aka wanke aka ɓare ganyen, abin ya ba kowa mamaki: farce ja, tsakiyarsa ɗan farin ganye, tsaf kamar an buga da hatimi.

"Kai!" in ji Ƙande. "To, wannan kam ya yi."

"Wane ganye ne, Mama?"

"Zogale," in ji Sa'ida, tana jin daɗin kanta.

Ko kaɗan ba ta kawo komai a ranta ba. Alhali a gidan nan babu abin da Ruma'isa ke so kamar kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. In ana yi, ita ce mai lashe kwano.

Washegari da hantsi Sa'ida na wanki, sai ta ji muryar 'yarta a bayan rumbu tana wasan girki ita kaɗai. "Ga ƙuli, ga gishiri, ga ɗan mai. Bismilla, baƙi, ku ci, kar ku ji kunya." Ta leƙa. Ruma'isa na zaune da gutsuren ƙuli-ƙuli a hannu ɗaya, tana gutsirar ƙuli, tana gutsirar farce. Ta riga ta gama da zogalen yatsu uku.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Kwaɗo." Ta dubi uwar da mamaki. "Ba ke kika ce zogale ne ba?"

Sa'ida ta rasa ta yi dariya ko ta yi kuka. Da ta kama hannun ta ga gefen babban yatsan ya ƙara ja, har da ɗan jini, sai kukan ya fi kusa. Ta wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, ta zauna bakin ƙofa ta yi tagumi.

"Kin ɗora wa akuya zogale a hannu, kina mamakin ta ci," in ji Ƙande. Amma a hankali ta faɗa, kuma ita ce ta je ta ɗauko man kaɗe ta shafa wa yatsan.

Aka ɗan jima ba a sake maganar ganye ba. Sa'ida dai ba ta daina koyo ba. In ta sami sarari sai ta ɗauki ƙwaryarta. Ta gano tsinken tsintsiya ya yi kauri, ta koma ƙayar aduwa. Ta gano in kwaɓin ya yi ruwa yakan bazu, in ya yi tauri yakan ƙi jawuwa. Ɗigo ƙarami, a ja shi sau ɗaya, kar a koma. Sannu a hankali kaskar ta fara zama ganye.

Ranar da aka yi ruwan shuka, gida duka aka fita gona. Nassirou na sara da sungumi, Sa'ida da Ruma'isa na bin sa suna zuba iri suna rufewa da diddige. Can Sa'ida ta dubi ƙafarsa. Kunamar nan da ta zana a gindin farce ta ɗan matsa sama, ta bar farin wuri a ƙarƙashinta.

"Duba," ta ce wa 'yarta. "Abin Baba ya tashi daga inda na sa shi."

Ruma'isa ta durƙusa ta ƙura ido. "Tsirowa yake yi?"

Sa'ida ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta fasa. "Tsirowa yake yi," ta ce.

Da gyaɗa ta fara fitowa, Sa'ida ta kai yarinyar ta nuna mata: ɗan kara, ganye biyu, ɗaya nan ɗaya nan. Ta nuna mata shingen ƙaya da ubanta ya yi ta wajen hanyar dabbobi. Da suka koma gida ta kwaɓa lalle, ta ɗauko ƙayar aduwa. Sabon farce fari ya riga ya fito a ƙarƙashin tsohon lallen, siriri. A nan can gindin kowane farce ta zana ɗan kara da ganye biyu.

"Wannan ba na ci ba ne, shuka ce. Farcen nan gonarki ce. In kika cinye gonar, ina shukar za ta je?"

"Ta mutu?"

"Ta mutu."

Ruma'isa ta dubi yatsunta goma da fuskar manya. "Sai an yi mata ban ruwa?"

"Sosai. Da sabulu, kafin cin abinci da bayan an gama."

Wannan kam ribar ƙafa ce, Sa'ida ba ta shirya ta ba, a take ta zo mata.

Kwanaki suka tafi lafiya, har ranar da aka yi tsawa mai ƙarfi da la'asar. Ruma'isa ta ruga ɗakin kakarta ta ɓuya. Da hadarin ya wuce, ta fito tana kuka, ta miƙa wa uwarta ƙaramin yatsan hagu. An cinye shi har kusa da ganyen.

"Akuya ta shiga gona," ta ce cikin shessheƙa. "Ban gan ta ba, Mama. Wallahi ban gan ta ba."

Sa'ida ta ji tausayi ya kama ta, don ta san gaskiya yarinyar ta faɗa: hannun ne ke zuwa baki ba da saninta ba. Sai ga Ƙande ta fito tana gyara ɗaurin zane.

"Wane sakaran manomi ne ke shuka a bakin hanya ba shinge? 'Yar nan, kwaɓo lallen."

Tsohuwa ta zauna a tabarma, ta ɗora hannun jikarta a gwiwa. Ta ja layi a bakin kowane farce, ta yi masa 'yan ƙayoyi.

"Ga shinge. In akuya ta zo, ta ga ja, ta tsaya. In ta ƙi tsayawa, ki kira ni da sandata."

"Ke ma kar ki shiga, tsohuwar akuya."

"Ni gonarki ta yi mini kaɗan."

Daga ranar, sai a ga hannu ya tashi zai je baki, ya tsaya a hanya, Ruma'isa ta dubi shingen ta ce "Kur!" ta mayar da shi cinya. Ba kullum take cin nasara ba. Ƙaramin yatsan hagu ya sha ɓarna har aka sa masa suna gonar bakin hanya. Amma babban yatsan dama, wanda majo ya tsaga, jan gefensa ya washe, fatar ta haɗe. Sa'ida takan duba shi kowace safiya, ko Ƙande na kallo, ba ta kuma jin kunyar.

Gero ya yi kai, ganyen farce suka hau tsakiya. Gyaɗa ta ƙosa, suka kai baki. A karo na farko a rayuwarta Ruma'isa ta yi farcen da ya wuce tsokar yatsa, har ƙasa ta fara shiga ƙarƙashinsa. Sa'ida ta sayo abin yankan farce a kasuwar Waca, ta zo da shi tana murmushi.

Ruma'isa ta ɓoye hannu a hammata. "Ba mai taɓa mini gona."

"Ikon Allah," in ji Nassirou. "Da ana roƙonta ta bari, yanzu ana roƙonta ta bayar."

"Ke, kowace gona ana girbe ta," in ji Sa'ida. "Ba ki ga Baba ya fara cirar gyaɗa ba?"

"In an girbe, shi ke nan, babu?"

"Kawo hannun ki gani."

Sai da Sa'ida ta fara zana sabon tsiro a gindin kowane farce, wannan karon har da ganye huɗu irin na gyaɗa sosai, don hannunta ya faɗa. Da lallen ya kama, sannan aka yi girbi. Ruma'isa ta tattara 'yan jajayen gutsattsarin a tafin hannu, ta je ta haƙa rami a gindin lallen kakarta ta binne.

Nassirou ya miƙo ƙafarsa. Kunamar ta kai rabin farce, tana tafiyarta a hankali.

"Ni kuma yaushe za a girbe tawa?"

Ruma'isa ta duba da idon gwana. "Taka ba ta nuna ba, Baba. Kar dai ka ci."