Anzar da Ba a Jiƙa Ba

Duk Belbeji babu wanda ya san daji kamar Yahuza. Fari biyu ya gani, ya binne sa'o'insa, shi yana nan daram. Shi ya sa da wani ɗan ƙasar Sin mai suna Lin ya zo auna ƙasar noma a 1966, Yahuza aka ba shi ja-gora.

Lin yana koyon Ingilishi, don Kano zai wuce aiki. Duk tsiron da aka nuna masa sai ya zana a littafi, ya rubuta bayaninsa da Ingilishi, ya yi ta maimaitawa da ƙarfi. Hausarsa tsinta-tsinta ce, amma Baba yake ce wa Yahuza.

Wata rana ya tsinko 'ya'yan anza, wani icen daji. "Baba, ana ci?"

"Ana ci? Kai, yaro! Wata bakwai na yi a kanta shekarar yunwa, ga ni nan!"

Yahuza ya yi ta zuba labarin jarumtakarsa har gari. Bai ce sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin dafinta ya fita ba. Marigayiya matarsa Rakiya ke wannan aiki, shi ci kawai ya sani.

Lin ya dafa ya ci. Bayan kwana biyu mota ta ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibitin Damagaram, bai dawo ba.

Littafin ya zauna wurin Yahuza. Bai iya karatu ba, amma ya gane zanen anza. Ya kai wa malamin makaranta.

"Malam, rubuta masa a nan, da Ingilishin. Ka ce sai an jiƙa."