Indararon Ɗakin Magani

Shekara biyu ke nan damina ba ta yi kirki ba a ƙasar Bazaga, ranar da Rabo ya jingina tsani da bangon ɗakin magani. Shi ne mai gadin wurin tun zamanin Nasara. Gini ne mai rufin kwano, an kewaye bakin rufin da indararo na ƙarfen zubi. Shi ke tara ruwan sama ya zuba cikin bututu huɗu, su kuma su kai shi wani tankin siminti da ke binne a bayan ginin. Yanzu tsatsa ta ci ƙarfen har ya yi ɓawo, tankin kuwa ba kome ciki sai ƙadangaru.

Likita Dauda, wanda aka turo daga Kwanni a bana, ya leƙo ta taga.

"Baba Rabo, mi kake biɗa can bisa?"

"Tsatsa nika kankara, likita."

"Ruwan da babu shi kake gyara ma hanya?"

"Ran da ya taho, ba ya jira in gama."

Da guntun lauje da burushin waya ya yi aikin. Ƙarfen zubi ba ya son guduma, bugu ɗaya sai ya tsage kamar tukunya, don haka taku-taku ya bi shi. Bazara ce, kafin hantsi ƙarfen ya ɗau zafi, sai ya naɗe hannu da tsumma ya ci gaba. Garin tsatsa ya mai da idanunsa jajur. Matarsa Shatu ta ce masa tsaransa duk sun tafi Sakkwato cin rani, shi yana nan yana susar ƙarfe. Ya ce ta yi haƙuri, saura gefen gabas.

Kwana ashirin ya ɗauka kafin ƙarfen ya fito fes. Likita ya rubuta takardar neman fenti, amsa ba ta dawo ba. Rabo ya san ƙarfen da aka kankare ba ya kwana da yawa tsirara. Ya ɗaure bunsurunsa a bayan jaki ya nufi kasuwar Kwanni, ya musanya shi da gwangwanin jan fenti, da na baƙi, da dunƙulen kwalta.

Ya shafa jan a waje, ya bar shi ya bushe kwana biyu, ya bi da baƙin sau biyu. Cikin indararon kuwa, inda ruwa ke gudu, kwalta ya narka ya shafe, don ya san jan fentin nan dafi ne ga ciki. Duk mahaɗa ya cusa mata igiyar rama jiƙe da kwalta. Da ya gama, sai ya cire gindin bututun huɗun daga bakin tanki, ya karkata su waje.

Ran wata Laraba da la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Mata suka sheƙo da tuluna, Goggo Binta a gaba, tsohuwar da kullum ke tafiya rijiyar nesa tun da ta garin ta ƙafe. Suka tarar da ruwa yana kwarara ƙasa, Rabo tsaye a gabansa ya buɗe hannuwa.

"Rabo, hauka kake?" in ji Goggo. "Shekara biyu muna roƙo, Allah ya ba mu, kai kana zubarwa?"

"Goggo, ki duba."

Ya tara ƙwarya ya miƙa mata. Ruwan baƙi ƙirin, ga kashin jemage, ga maiƙon kwalta yana yawo a sama.

"Rufin nan shekara biyu bai ga wanka ba. In wanga ya shiga tanki, duk wanda ya biyo bayansa ya ɓaci. Masu ciwo za a ba."

"Mu tace shi!"

"Ba ya tatuwa. Ku yi mini haƙuri kaɗan."

Kafin ruwan ya fara haske, sama ta ɗauke. Ko ɗigo bai shiga tanki ba. Matan suka juya da tuluna wofi, wata ta tofar da yawu a gabansa. Kwana tara ba mai amsa gaisuwarsa da daɗi. Likita ma ya kira shi gefe ya ce, "Baba, in shi ke nan ruwan bana fa?" Rabo ya ce ko yau aka sake, haka zai yi. Amma a kwanakin nan tuwo bai shiga masa sosai ba, kullum idonsa na gabas.

Rana ta goma, da hantsi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rabo ya tsaya ciki yana tarawa yana dubawa, har ya ga ruwan ya fito garau. Sannan ya mai da bututun ɗaya bayan ɗaya, ya kifa kunne a kan murfin tankin yana jin yadda ruwa ke zuba.

Da aka ɗauke, Goggo Binta ta zo ita kaɗai. Ya zura guga ya ɗebo mata. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye.

"Da ɗan warin kwalta," ta ce. "Ƙara mini."

Tankin ya cika kafin tsakiyar damina. Da shi aka wanke miki, aka ba majinyata da masu jego, har gero ya shiga rumbu, har aka yi nisa cikin rani.