Shayin da Fumie Ta Zubar

Shekara huɗu ke nan hannun Kurata yana rawa, kuma duk faɗin Tokyo babu wanda ya sani sai matarsa Fumie. Shi ke tsara labarin mangarsa, wato littafin da ake ba da labari da zane-zane, ita ke zana masa fuskokin mutanen ciki kafin a kai wa mujalla. Da kallo ta koya, shekara talatin tana goge masa fensir bayan tawada ta bushe. Sunansa kaɗai ke kan bango, ita kuwa ko a jikinta.

Sai ga edita Hasebe da shegen rawar kansa, wai tunda littafi na arba'in ya fito, ya shirya wa Malam Kurata zaman sa hannu a kantin littattafai. Ba suna kawai ake rubutawa a irin wannan zama ba, sai ka zana wa kowane mai karatu fuskar jarumar labarin a farin kwali, yana tsaye yana kallonka.

"Maigida, ka ce ba ka da lafiya mana," in ji Fumie.

"Mutum ɗari sun karɓi tikiti, in ce musu me? Ke dai ki goge min riga."

Ranar Asabar layi har bakin titi. Fumie na tsaye bayan tebur da butar shayi. Ta farko wata ma'aikaciyar jinya ce, ta rusuna ta ce tun daga Sendai ta hawo jirgi. Kurata ya ɗauki alƙalami ya ja layin haɓa, layin ya karkace kamar tafiyar tsutsa. Ya sake, ya fi na farko muni. Matar ta daina murmushi, Hasebe ya fara miƙo wuya.

Fumie ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta matso kamar za ta cika masa kofi, ta yi tuntuɓen ƙarya, ta juye butar a kan kwalin da hannunsa.

"Kash! Hannun Malam!" Hasebe ya kurma ihu. "A kawo ƙanƙara!"

"Ke wace irin mace ce?" Kurata ya daka mata tsawa, amma ya kasa haɗa ido da ita.

Ta rusuna wa mutanen layi, ta sake rusunawa, tana ba da haƙuri. Ta ji wani yana cewa irin wannan mata ai annoba ce. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta haɗiye.

Aka naɗe hannun Malam, wanda ɗan ja kawai ya yi, aka sa shi a tasi. Hasebe ya leƙo ta taga.

"Uwargida, ki lallaɓa mana hannun nan. Shafi goma sha takwas nake jira ranar Litinin."

Ta ce to. Sai da motar ta tashi ta zaro hannun damanta, wanda take zane da shi, daga ƙarƙashin jaka. Murfin butar ya faɗi lokacin da ta juye ta, yatsu uku sun yi bororo, ko lanƙwasuwa ba sa yi.