Jan Tsumma a Gefen Direba

Duk unguwar Congo-Russia babu wanda bai san Baturiya ba. 'Yar jar mota ce mai kujera biyu, rufinta na tamfol, wani Baturen kuza ne da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Nnadozie mai kayan gyaran mota. Wajen gudu kam ba a magana, tsayawa ce matsalarta. Birkinta irin na da ne, na ganga, in ya yi zafi sai dai ka taka ka haɗa da salati.

Haladu bakanike ya fi kowa sanin halinta, don a hannunsa ta yi zaman yaƙin basasa. Shekarar da gari ya rikice, Nnadozie ya jefa masa makullin, ya kwashi matarsa da 'yarsa Ulonma suka gudu. Haladu ya tura motar bayan wani shago a kasuwar Katako, ya lulluɓe ta da buhuna da falankai, yana zuwa lokaci-lokaci yana tayar da injin kada ya ƙage. Da aka gama yaƙi Nnadozie ya dawo ko takalmin kirki babu, ya tarar da motarsa tana sheƙi. Tun daga ranar, duk abin da Haladu ya taɓa, Nnadozie ba ya sake dubawa.

A 1978 aka sa bikin Ulonma a ƙauyensu, uban kuwa ya rantse a Baturiya zai kai ta.

"Da wannan birkin za ka gangara Hawan Kibo?" in ji Haladu. "Baban Ulonma, ka gaji da duniya ne?"

"To, Malam, ka gyara shi mana. Motar ai naka ne."

Akwai wata sabuwar mota a garejin Haladu da ta yi hatsari, bayanta ya dagargaje amma gabanta lafiya lau. Birkinta na zamani ne, faifai da kalifa, wato ƙarfen da ke cafke faifan in an taka. Haladu ya kwance na gaban duka biyu. Yana da wata al'ada da ya koya tun yana koyon aiki: in ya kwance abu mai hagu da dama, sai ya ɗaura jan tsumma a na gefen direba don kada su rikice. Haka ya yi. Ya kai wa mai walda aka yi musu mazauni, ya ɗaura mai jan tsumma a gefen direban Baturiya, ɗayan a ɗaya gefen.

Da suka zo cire iska, Nnadozie na takawa, Haladu na kwance ƙasa yana buɗe notin cire iskar, man birki na fita tas. Amma birkin ya ƙi yin tauri yadda ransa ke so. Duk da haka Haladu ya ce, "Sabo ne, zai zauna. In za ka tsaya ka taka sau biyu."

Washegari da safe suka biyo ta garejin yin sallama, akwati ɗaure a baya. Ulonma ta durƙusa ta ce, "Baba Haladu, ka sa mini albarka." Ya sa mata, har da ƙwalla, ya wayance da cewa hayaƙin salansar mota ne.

Bayan sun tafi aka kawo masa koko da ƙosai. Ya rasa wurin zama, sai ya shiga mushen motar nan ya zauna a kujerar direba. Ya ɗora hannu a sitiyari yana kurɓar koko. Can sai ya dubi hannun, ya dubi ƙofar da ya jingina da ita.

Sitiyarin a hagu yake. Duk motar da aka shigo da ita bayan an sauya hannu a titi haka take. Baturiya kuwa tsohuwa ce, nata sitiyarin a dama. Ke nan na hagu ya ɗaura a dama, na dama a hagu. Notin cire iskan da ya kamata ya kasance a sama ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Mai kawai ya yi ta zubarwa jiya, iskar tana nan. A shimfiɗaɗɗen titi taka sau biyu zai wadatar. A gangare, in ƙarfe ya ɗau zafi, ƙafa za ta tafi har ƙasa.

Kwanon kokon ya suɓuce. Ya fito a guje, ya ci karo da Ishaku direba yana lodin dankali a a-kori-kurarsa.

"Ba ni makulli!"

"Oga, lafiya? Kayan mutane fa..."

"Shigo ko ka kauce!"

Ishaku ya faɗa ciki ƙofa ba ta gama rufuwa ba. Haladu, mutumin da ke zagin direbobi kullum kan ganganci, ya ratsa Bukuru hannunsa a kan hon, masu keke na tsalle cikin kwata. Bakinsa bai daina motsi ba, amma ba Ishaku yake wa magana ba. Allah ya sa sun tsaya shan mai. Allah ya sa taya ta yi faci. Bai taɓa roƙon mota ta lalace ba sai ranar.

A Riyom ya leƙa ya tambayi masu sayar da tumatir. Jar mota? Yanzun nan ta wuce, yarinyar ma ta ɗaga musu hannu.

Suna shan kwanar farko ta gangaren ya hango ta can ƙasa. Fitilun bayanta na kamawa suna mutuwa, suna kamawa suna mutuwa. Nnadozie na ta takawa, motar ba ta rage komai ba. Dama dutse, hagu rami, ga wata babbar kwana a gaba inda ƙarafan motocin da suka faɗa suke nan suna tsatsa.

"Riƙe da kyau," in ji Haladu, ya take totur.

"Oga, mutuwa za mu yi!"

Ya fita hannun da ba nasa ba, ya jera da su. Ya ga fuskar Ulonma, ɗankwalinta ya tafi, ta ƙanƙame ƙofa da hannu biyu. Ya yi wa uban ihu, "Biyo bayana! Buge ni!" Bai san ko ya ji ba. Ya wuce, ya shiga gabansu, ya fara sakin totur a hankali yana kallon madubi. Jan hancin motar nan da ya shekara yana gogewa da tsumma ya cika madubin.

Ƙarar karon ta shiga masa har haƙori. A-kori-kurar ta yi tsalle, buhunan dankali suka fashe, sitiyari ya nemi ƙwacewa. Ya danne shi, ya saukar da giya, ya taka birki kaɗan, ya saki, ya sake takawa. Ƙaurin roba ya cika motar. Baturiya na tura su, ƙarfe na kuka, kwanar na matsowa. Ya sake saukar da giya, injin ya yi kururuwa kamar zai tsage. Sai tsakuwa a ƙarƙashin taya, sai shiru.

Haladu ya sauko ya zagayo baya. Gaban Baturiya ya lotse, fitilu sun tarwatse, lagireto na tsiyayar da ruwa a kan kwalta. Ko kallonta bai yi ba. Ulonma ta fito, goshinta da ɗan jini, ta faɗa jikinsa tana kuka.

"Laifina ne," ya ce wa Nnadozie. "Ni na juya su."

Nnadozie bai saki sitiyari ba tukuna. Ya ɗago, ya yi magana a hankali, ba fushi a muryarsa, abin da ya fi yi wa Haladu ciwo ke nan.

"Tun Bukuru birki ya yi laushi. Yarinya ya ce, Papa, mu koma. Na ce masa ya yi shiru, Haladu ne ya gyara."

Haladu ya durƙusa a gefen tayar. Ta cikin wayoyin wili yana hango guntun jan tsumman da ya manta bai cire ba, zafi ya ƙone rabinsa.