Taya Inci Goma Sha Bakwai

Tun da matata Hindu ta kwashi yara ta koma Kaduna lokacin hargitsin da ya ɓarke a nan ƙasar Larabawa a 2011, gidana na unguwar Dokki ya zama wurin ajiye jiki kawai. Da gari ya lafa sai ta ce yara sun riga sun shiga makaranta, ba za a yi ta wasa da karatunsu ba. Gaskiyarta ne, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Shekara biyu ina buga hatimi a ofishin jakadancinmu, in dawo in dafa taliya, in ci a tsaye.

A wannan halin na sayi wata tsohuwar mota mai kujera biyu a hannun wani Bature da zai bar unguwar Ma'adi. Shi ya gaya mini akwai masu taruwa kowace Juma'a da safe a wani filin ajiye motoci can bayan gari. Sai su jera jajayen robobi masu tsini, kowa ya shiga shi kaɗai ya yi ta karkace-karkace tsakaninsu, ana duba masa agogo.

Juma'a uku ina zuwa kallo daga bakin wayar shinge. Ba gudun ne ya ɗauke mini hankali ba, mutanen ne. 'Yan ajin ƙananan motoci su goma sha ɗaya ne, akwai likita, akwai mai gidan burodi, kuma wanda ya zo na ƙarshe shi ke kai sauran cin koshari, abincinsu na shinkafa da taliya, suna tafe suna yi masa tsiya. Wallahi na yi kishin wannan na ƙarshen. Abin da nake so ke nan, a sami masu yi mini dariya.

To mu a wurinmu ba a shiga taron mutanen da ba su san ka ba da tsofaffin kaya. Kaftanin da ya fi kowanne guga shi ake sawa, don kada a ce wane ne wannan. Na dubi ƙafafun motata, rim inci goma sha huɗu, duk sun koɗe, na ce ba da ni za a yi wannan abin kunya ba.

Na nufi shagon Malam Ishaq mai tayoyi a bayan unguwar Darrasa. Bahaushen Sudan ne, bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausa a bakinsa kamar jiya ya baro Sakkwato. Na nuna masa wasu rim inci goma sha bakwai masu ƙyalli, da faffaɗar taya mai siririn gefe.

"Alhaji Maikano, biki za ka kai ta ko tsere?" ya tambaye ni.

"Duka biyun."

"Ya zol, bawan Allah, injin nan ƙarami ne. Waɗannan sun yi mata nauyi, za ta tashi kamar mai ciwon baya. In ka karya kan mota kuma taya za ta goga jiki. Bar ta a sha huɗunta, in sa maka roba mai laushi mai kama ƙasa. Khalas, shi ke nan."

Na ce masa ni ma na san mota, tun yana rarrafe nake tuƙi, alhali ya girme ni. Ya ɗauko kayan aikinsa. Ya ɗaura, na bar masa tsofaffin, na ce ya yi yadda ya ga dama da su. Da na fito kan titi har wani mai tasi ya leƙo ya ce "Masha Allah", kaina ya ƙara girma.

Ranar Juma'a na isa da wuri. Mai tsara wasan, wani tsohon injiniya da ake kira Ustaz Hussain, ya zo da tef ɗin awo a hannu. Ya tsuguna gaban tayata, ya karanta lambobin, ya gwada faɗinta, ya miƙe yana murmushi.

"Gamila, kyakkyawa ce. Amma ma'alish, ka yi haƙuri, ajin ƙanana na masu girman taya na asali ne. Kai ajin motocin da aka sauya wa kaya za ka shiga."

"Su nawa ne a ajin?"

Ya duba takardarsa. "Yau kai ne. Kuma ajin da mutum ya fara da shi, a nan yake har ƙarshen shekara."

Ban san tsarinsu ba sai a ranar. In wani aji yana gudu, ɗayan ne ke tsayawa cikin fili yana tayar da robobin da aka ture. Suka yi gudunsu ina can tsakiyar rana ina tsintar roba, ina hango su suna shewa a inuwa. Da nawa ya zo suka watsu cikin fili, kowa a kusurwarsa, inuwar ta zama ba kowa. Motar kuwa ta yi duk abin da Malam Ishaq ya faɗa. Ta tashi da ƙyar, kowace kwana sai na ji ƙarar taya tana cin jiki, na ture robobi huɗu. Ko mai gidan burodi da tsohuwar motar matarsa ya fi ni da daƙiƙa shida.

Duk da haka da aka tashi sai Ustaz Hussain ya kira sunana, ya miƙa mini ɗan kofi na roba mai ruwan zinare. Na ɗaya a ajina. Suka tafa mini cikin ladabi, irin tafin da ake yi wa baƙo. Likitan ya riƙe hannuna ya ce, "Mabruk, ya batal," wato barka, gwarzo. Na buɗe baki in tambaye su ina za a ci abincin, sai Larabcin ya maƙale, girman kai ya riƙe sauran. Aikin ajin da ya yi gudu na ƙarshe ne ya tattara robobi. Kafin in gama jera su a bayan motar Ustaz Hussain, sun riga sun tura mai gidan burodi gaba sun fice suna ta hon.

Bayan sallar Juma'a na koma wurin Malam Ishaq. Ya ce tsofaffin rim ɗina wani ya ɗauka tun ranar Laraba. Bai ce ai na gaya maka ba, ya dai zuba mini shayi. Da ya faɗa ma da na ji daɗi, ko faɗa ma yi.

Ina zaune cikin mota a ƙofar gida na kira Hindu. Na ce mata na shiga tseren mota, na zo na ɗaya, har da kofi. Ta yi guɗa, na ji tana ƙwala wa yara kira, "Ku zo, Abbanku ya kayar da Larabawa!" Fatu, babbar 'yata, ta karɓe wayar tana haki.

"Abba, mutum nawa ka kayar?"

Na dubi kofin. Na ce mata layin ba shi da kyau, ba na jin ta sosai. Ta sake tambaya da ƙarfi, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, don in ji.