Injin Gidauniya da Tsofaffi Huɗu

Gidauniya ta ba ni rancen inji, ɗana ya cike takardar, ni na dangwala yatsa.

Ni kafinta ne. Shekara arba'in da shida ina rumfa ɗaya, a ƙarshen layin masu walda. Karatuna bai wuce lambobin jikin tef ɗin awo ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Injin yana tsaga katako, yana goge shi sumul. Aikin da mutum biyu za su wuni a kai, shi awa guda ta ishe shi. Rance ne maras ruwa, ana biya wata-wata, kuma ban taɓa bari wata ya mutu ban kai musu nasu ba.

Mu huɗu ne a rumfar. Ƙaraminmu ya haura hamsin. Babbanmu Zarto, yayan matata, ya ba saba'in baya. Tare muka koyi aiki a hannun maigida ɗaya. Bakinsa ba daɗi, amma duk layin nan ba wanda ya kai shi haɗa ƙofa.

A wata na takwas da karɓar injin mai kula da rancen gidauniyar ta zo. Matashiya ce, da tabarau, da fayil a hammata. Ta tsaya bakin rumfa tana ɗaga ƙafa kada dusar katako ta shiga takalminta.

"Sannu da aiki, Baba. Ina ma'aikatan?"

"Ga su kina gani."

"A'a, matasan nake nufi."

Zarto ya ɗago daga kan ƙofar da yake haɗawa. "Ni ne autansu, 'yata. Rubuta ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi shekarun kowa, ta rubuta, ta ja layi a ƙasa. Ta ce in zo ofis ran Litinin, in taho da wanda ya cike takardar.

Ofishin yana hawa na biyu. Sanyin na'ura har cikin ƙashi. Bango cike da hotunan samari da 'yan mata suna washe baki, wannan riƙe da almakashi, wancan rungume da kaza. Ba furfura ko ɗaya. Teburinta na dusar katako ne da aka matse, ƙafa ɗaya ta riga ta saki, an cusa mata kwali a ƙasa.

Ta buɗe fayil.

"Baba, a takardarka an yi alkawarin ba matasa shida aiki cikin wata shida. Matashi a wurinmu shi ne wanda bai wuce talatin da biyar ba. Na je na ƙirga. Babu ko ɗaya."

Na juya na dubi ɗana. Shi ne babba a 'ya'yana, kayan waya yake sayarwa, bai taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba. Yana kallon rufin ɗaki.

"Kai ka rubuta haka?"

"Baba, kowa haka yake rubutawa. In ka sa babu, ba sa bayarwa."

"Ka karanta mini wurin?"

"Ai na ce maka sharuɗɗa ne irin na ofis."

Na ƙyale shi, na koma kanta. "Na taɓa yi muku latti?"

"Ba ka taɓa ba."

"To me kuma?"

"Mu ba banki ba ne, Baba. Banki kuɗinsa kawai yake so ya dawo. Masu zuba mana jari sun haƙura da riba ne don su ga abin da kuɗinsu ya canza. Abin nan kuwa ƙirga shi ake yi."

"Mutum huɗu ke ci daga injin nan. Da iyalansu sun fi talatin. Ƙirga su."

"Babu gurbinsu a fom."

"To ki yi musu gurbi. Ba biro ba ne a hannunki?"

"Ba ni na tsara fom ba."

"Kun ba ni abin da ke rage hannu, kuna so in ƙara hannu shida. Wane mai hankalin ne ya tsara wannan? A kawo shi rumfa ya wuni ɗaya."

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Baba, ka daina ɗaga mini murya a ofishina. Ni na tsaya maka gaban kwamiti. Sun ce tsoho ne, na ce amintacce ne. Yanzu ni ake kallo. Ran Alhamis wakilan masu jari za su zagaya layinku. In suka shiga rumfarka suka ga abin da na gani, kwamiti zai ɗauke injin ya ba wanda zai cika sharaɗi. Mutum goma sha ɗaya ke jira. Kuma ba kai kaɗai abin zai taɓa ba. Matan bayan layinku da ke neman injin niƙa, rahoto ɗaya kuke da su."

"Barazana kike yi mini?"

"Karanta maka takarda nake yi, tunda a gida ba a karanta maka ba."

Na tashi. Na ce mata teburinta ba zai ga ƙarshen shekara ba. Ban yi mata sallama ba.

A kan matakala ɗana ya riƙo hannun rigata. Na fizge.

"Baba, tsaya ka ji. Abu ne mai sauƙi."

"Sauƙinka ne ya kawo ni nan."

"Ina da abokai. Shida zan samo, har da mace ɗaya, sun fi son ganin mace. In sayo musu rigunan aiki, su tsaya jikin inji, a ɗauki hoto, baƙi su wuce. Rabin awa ne. Su Kawu Zarto su huta a gida ranar, shi ke nan."

"Abokanka da ba su san gaban guduma da bayanta ba?"

"Su ma baƙin ba su sani ba."

"Ɗan banza. Ni za ka koya wa ƙarya da furfurata?"

"To ka bar su su ɗauke. Sai ka tsaga bencin makarantar da hannu."

Nan ya kama ni. Saboda injin na karɓi aikin benci ɗari biyu na wata makaranta, za a kai kafin yara su dawo hutu. Katako yana jibge har bakin titi. Da hannu, mu huɗu, ko wata biyar ba za mu gama ba. Ni kuwa ban taɓa karɓar aiki na mayar ba.

Ban ce masa i ba. Ban kuma ce a'a ba. Ya san ma'anar shiruna, ya tafi sayen riguna.

Ran Talata na gaya wa sauran biyun. Ɗaya ya ce dama ƙugunsa na ciwo. Ɗayan ya tattara kayansa tun la'asar ba ta yi ba, ya tafi. Zarto na bari sai Laraba, don na san halinsa.

Da rana na same shi shi kaɗai, yana wasa bakin kurfi, ƙarfen sassaƙa katako, a kan dutse. Rigunan suna rataye a jikin inji, shuɗaye, shida, ko ninkinsu bai warware ba. Ɗana ya kawo su da safe ya gudu.

"Kafinta," in ji shi, bai ɗago ba. Haka yake kirana tun muna yara. "Ɗinki ka koma?"

"Gobe baƙi za su zo."

"Na ji. Masu walda har sun share ƙofa. Abin da ba su yi ba tun da aka haife su."

"Ina so ka huta gobe."

"Ban gaji ba."

"Wuni ɗaya ne. Kuɗin wuninka yana nan."

Ya ajiye kurfin. Ya je ya zaro riga ɗaya, ya ɗaga ta, ya kara a ƙirjinsa.

"Ta wa ce wannan?"

"Ta yaran da za su tsaya."

"Su tsaya ina?"

"Jikin inji."

"A wurina ke nan."

"Rabin awa, Zarto."

"Su ce su suka haɗa ƙofofin can?"

"Ba wanda zai tambaya."

"Za a tambaya. Mai kuɗi in ya ga abu mai kyau sai ya tambaya. Ɗan iskan da ke saye da rigar nan zai washe baki ya ce shi ne. Kai kuma kana tsaye kana gyaɗa kai."

"Ba don daɗi nake yi ba. Za su ɗauke injin. In suka ɗauke, benci ya tsaya. In benci ya tsaya, ni da kai duk mun zauna."

"Kafin inji da me muke ci?"

"A da ba ka kai saba'in ba. Hannunka rawa yake yi, kowa ya gani. Ni kaɗai ne ban faɗa ba."

Ban so na faɗi haka ba, amma ya fita. Ya jefar da rigar cikin dusa.

"To yau ka faɗa. Ƙanwata na ba ka lokacin ba ka da ko tabarmar kirki. Ranar da rumfar nan ta ƙone, ni na tsaya na sake kafa ta da kai, wata uku ban karɓi ko kwabo ba. Yanzu wata yarinya ta zo da fayil, na zama abin kunyar da za a tura bayan gida."

"Ba wanda ya ce abin kunya ne kai."

"To me ake ɓoyewa in baƙi za su zo?"

Mai walda na kusa ya kashe injinsa yana saurare. Na rage murya.

"Rumfata ce. Ni ke cewa wa zai zo, wa ba zai zo ba."

"To kore ni. Faɗa da ƙarfi, masu walda su ji, ka je gida ka maimaita wa matarka. In ka kore ni na tafi, ba za ka sake ganin ƙafata a nan ba. Amma hutu, ban roƙe ka ba."

Na kasa korarsa. Shekara arba'in da shida ban taɓa roƙon ma'aikaci ba. Na roƙe shi.

"Yaya, don Allah. Gobe kawai. Ka zauna a gida."

Ya ɗauki kurfinsa, ya gwada bakin a farcensa, ya koma kan dutse.

"Ƙarfe bakwai ina nan, a wurina, da rigata. Ba zan zauna a gida ba."